Kundin Bibiyar Farautar Ƙoƙi-ƙoƙi: Daga Ƙyanƙyasa Zuwa Lambu

28 ga Yuni

Tambayar da aka buɗe wannan kundi dominta guda ce: me ƙoƙi-ƙoƙi ke kamawa, me yake bari, kuma ko abin da yake kamawar zai amfani mai lambu. Manoma da yawa kan ce a ƙyale shi, ai abokin aiki ne. Ba a musa ba, amma ana so a ga wane ƙwaro ne ainihin yake faɗawa hannunsa. Aikin kashi biyu ne. Akwai reno a ɗaki, inda za a iya sarrafa yunwa da nau'in abinci, sannan akwai sa ido a wani lambu da ke bayan garin Zariya, mai masara da wake da kuɓewa.

An samo jakar ƙwai manne a karan darni, ruwan ƙasa, tsawonta wajen santimita 3. Siffarta ta manyan koren nan ne na jinsin Sphodromantis, waɗanda ake yawan gani a jikin bango kusa da fitila. Ba a ɓamɓare ta, domin ƙwan da ke ƙasa na fashewa. Karan ake yankewa da ita gaba ɗaya. An rataye ta a murfin bokitin roba mai lita 4, tsagar da 'ya'yan za su fito ta nan tana kallon ƙasa, da sarari aƙalla santimita 10 a ƙarƙashi, saboda suna fitowa ne suna lilo a jikin siririn zare kafin su warware. An yanke tsakiyar murfin an maye shi da ƙyallen gidan sauro. Kafin a ɗauki kowace jaka a duba gefenta: in akwai ƙananan huji zagayayyu, wata ƙaramar rina ce ta riga ta yi ƙwai a ciki, 'ya'yanta sun cinye na ƙoƙi-ƙoƙin sun fice.

Yau kuma aka haɗa tukunyar ƙudan ayaba, ƙananan nan masu jan ido da ke taruwa kan 'ya'yan itacen da suka ruɓe. Nunanniyar ayaba ɗaya a dame, cokali 2 na garin masara, ɗan yis a bakin cokali, da cokali ɗaya na ruwan kal don hana fumfuna. A zuba a kwalba kaurin santimita 2, a cusa busasshen ganyen masara don su sami wurin hawa, a bar ta a buɗe wuni guda a inuwa, sannan a ɗaure bakin da ƙyalle mai ƙananan ido. Daga ƙwai zuwa ƙuda kwana 9 ko 10 ne a irin wannan zafi. Wanda ya jira sai an ƙyanƙyashe sannan ya fara haɗawa, kafin ƙudan su fito 'ya'yan sun cinye juna.

9 ga Yuli

An ƙyanƙyashe da hantsi, sun haura ɗari, kowanne bai kai santimita ɗaya ba. Ranar farko ba sa cin komai, ruwa suke nema. Feshi ɗaya siriri a jikin bokitin ya isa. Babban ɗigo yana riƙe su su nutse. An saki mafi yawansu a cikin wake da kuɓewa, an ware ashirin, kowanne a kofinsa na roba da murfin raga da tsinke biyu a jingine.

14 ga Yuli

Tun a kwana na biyu ko na uku suka fara farauta, kuma ba wanda ya koya musu. Duk abin da babba ke yi ƙaramin na yi: juya kai, tsayawa cik, kai bara. Kowanne na samun ƙudan ayaba 3 zuwa 4 duk bayan kwana biyu. Don a iya zuba ƙudan ba tare da sun tsere ba, a ɗora kwalbar kan ƙanƙara na minti biyu ko uku su yi sanyi, a kaɗa su cikin kofi, nan da nan za su farfaɗo.

An gwada darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, an sa ganyen wake mai cike da ita a cikin wasu kofuna. Ƙananan na ɗaukar wadda ta tashi tana tafiya, amma wadda ta kafa baki a jijiyar ganye tana tsotso sai su taka ta su wuce. Wannan shi ne abu na farko da ya shafi tambayar aikin, kuma za a sake komawa kansa.

Tururuwa ce babbar matsala a wannan mako. Kiyashi na shiga ta idon raga, kuma ɗan ƙoƙi-ƙoƙi ba ya iya kare kansa daga taronsu. An sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa. Ba a kunna maganin sauro na hayaƙi ko a yi feshi a ɗakin ko kusa da tagarsa. Abin da ke kashe sauro shi ke kashe su.

21 ga Yuli

Saɓar farko. Alamarta ba ta ɓuya: kwana ɗaya ko biyu kafin nan sai ya ƙi abinci, in ƙuda ya matso ya make shi da hannu don ya kore shi maimakon ya cafke, sannan ya koma saman raga ya rataya kai a ƙasa. Da an ga haka a kwashe duk wani abu mai rai daga kofin. Fatar na tsagewa ta baya, ya zamo a hankali, nauyin jikinsa ne ke taimaka masa, shi ya sa tsayin mazubin ya zama aƙalla ninki uku na tsawon jikinsa, faɗin kuma ninki biyu. In wurin ya yi gajarta ya taɓa ƙasa jikinsa na da laushi, ƙafa ta karkace ke nan, kuma in hannun kamu ne ya lanƙwashe, farauta ta tsaya sai wata saɓar. Bayan ya fita a ba shi awa 24 ba abinci, manya kuma awa 48, har baki da ƙayoyin hannu su yi ƙwari.

12 ga Agusta

Sun yi saɓa ta uku, ƙudan ayaba ya yi musu kaɗan. Ana gane haka idan suna kai bara suna kuskurewa, ƙudan na silalewa tsakanin ƙayoyin hannu, ko kuma su daina kula shi. An koma ƙudan gida. Ba a kamo na bola ko na bayan gida. Ana renonsu a dusar alkama da aka jiƙa da ɗan madarar gari, in sun fito a ba su ruwan sukari a auduga kwana guda kafin a miƙa su. Abin da ke cikin ƙudan shi ke shiga cikin ƙoƙi-ƙoƙin.

Ma'aunin ciyarwa ba kalanda ba ne, ciki ne. A duba shi ta gefe. In ya lafe, a ba shi. In ya yi tulu har fatar da ke tsakanin gaɓoɓinsa ta bayyana, a tsallake kwana biyu ko uku. Ƙoƙi-ƙoƙin da ke cikin kofi ba ya kashe ƙarfi wajen neman abinci, kuma mace musamman za ta ci fiye da ƙima in ana ta ba ta. Cikin da ya yi nauyi yana lanƙwashewa in ta rataya, in kuma ta faɗo yana iya fashewa. Girman abinci kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin tsawon jikinsa. Zai iya kama wanda ya fi haka, a daji ma yana yi, amma fara mai ƙarfin shuri kan yi masa rauni a ido ko ta tsinke masa ƙafa.

Yanzu ana iya bambance jinsi ta ƙirga gaɓoɓin ciki daga ƙasa: mace 6, ta ƙarshen babba, namiji 8.

30 ga Agusta

An shafe makonni biyun nan kan yadda kamun kansa ke gudana, ana ɗauka da wayar da ke iya rage gudun hoto. Abin yana da matakai, kuma jerinsu ba ya canzawa.

Da fari kai ne kaɗai ke motsi. Ƙuda na giftawa sai kan ya juya da fizga, ya tsaya, ya sake fizga, har ƙudan ya zo daidai tsakiyar idanu biyun, inda ganinsa ya fi kaifi. Wuyansa na ba shi damar waiwaye har ya kalli bayansa ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Baƙin ɗigon da ke cikin idon wanda ake gani kamar yana bin mutum ba ƙwayar ido ba ce. Idon tarin dubban ƙananan idanu ne, waɗanda suka fuskanci mai kallo kai tsaye su ne ke bayyana baƙi. Daga nan jiki ya biyo kai. In abin na nesa, sai ya yi ta rangaji hagu da dama, wanda ke taimaka masa auna tazara, ya soma sanɗa ƙafa ɗaya bayan ɗaya, hannaye a naɗe gaban ƙirji kamar ɗan dambe na jiran abokin karawa ya shigo. Sai ƙudan ya shigo inda hannu zai kai, wato santimita 2 zuwa 3 ga mai wannan girma, sannan ya kai bara. Jiki na zabura gaba, hannun ya miƙe, gaɓar ƙarshe mai ƙugiya ta naɗo ta rufe kan gaɓar tsakiya mai layuka biyu na ƙaya. Ido ba ya iya bin wannan. Sai dai a ga ƙudan a hannu.

Saurin ba ɗaya ba ne kullum. A 2020 Sergio Rossoni da Jeremy Niven, a Jami'ar Sussex ta Ingila, sun auna kamun Polyspilota aeruginosa, wani nau'i da ke yaɗuwe a Afirka, suka ga yana ɗaukar daga milisakan 60 har zuwa 290 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), gwargwadon gudun abin da ake hari. Har ma yakan dakata a tsakiya ya gyara, ko ya fasa. A hotunan da aka ɗauka a nan ma ana ganin fasawar: hannu ya buɗe rabi, ƙudan ya canza hanya, sai ya mayar da hannun ya koma jira.

Gwajin da ya fi bayyana komai shi ne mafi sauƙi. A ajiye mataccen ƙuda a gaban mai jin yunwa, tazarar santimita 2. Ko kallo bai ishe shi ba. A soke wannan ƙudan a tsinken tsintsiya a ɗan karkaɗa shi, nan take ya cafke. A ɗaura baƙin ɗan dutsen ado a zare a yi lilo da shi, shi ma zai cafke, ya kai baki, ya ɗanɗana, ya yar. Wato ido ne ke yanke shawarar kamu, kuma motsi kawai yake karantawa; baki ne ke tantance ko abinci ne, bayan an riga an kama.

Wannan ya yi daidai da abin da aka sani game da idonsa. Tun 1983 Samuel Rossel ya nuna cewa ƙoƙi-ƙoƙi na haɗa ganin ido biyu ya auna nisa, ta hanyar sa masa gilashi mai karkatar da haske, sai ya riƙa kai bara inda babu komai. A Jami'ar Newcastle, ƙungiyar Jenny Read da Vivek Nityananda ta manna wa Sphodromantis lineola, ɗan uwan waɗanda ke kofunan nan, ƙaramin tabarau da kakin zuma, ido ɗaya shuɗi ɗaya kore, suka nuna masa ɗigo a allon kwamfuta. Idan aka sa ɗigon ya bayyana kamar yana santimita 2.5 daga fuskarsa sai ya kai bara. A 2018 suka bayyana cewa yadda yake auna nisa ba irin namu ba ne: mu muna gwada hoton ido ɗaya da na ɗayan, shi kuwa wurin da abu ke canzawa kaɗai yake gwadawa. Abin da bai motsa ba, a wajen farauta, da shi da babu duk ɗaya ne.

8 ga Satumba

Yadda yake ci. Ba shi da dafi, ba ya jira abin ya mutu. Yana riƙe da hannu ɗaya ko biyu ya fara tauna, sau da yawa daga wuya ko bayan kai, wanda ke tsayar da shure-shure da wuri, amma in wani wuri ne ya fi kusa da baki daga nan zai fara. Fiffike da busassun ƙafafu yana zubarwa, shi ya sa ƙasan kofi ke nuna abin da aka ci jiya. Da ya gama sai tsafta: ya bi ƙayoyin hannu ɗaya bayan ɗaya da baki, ya shafe idanu da wani ɗan gashi da ke cikin hannun, ya jawo gashin kansa biyu ya tsotse. In an katse shi a nan yakan ƙi karɓar abinci na gaba.

Ɗaya daga cikinsu ya fito daga saɓa da hannaye biyu a karkace. Irin wannan ana iya riƙe shi da ciyarwar hannu: a tsinke ƙuda ko ƙaramar fara da matsefata, a taɓa ruwan jikin a bakinsa. Da ya ɗanɗana zai fara tauna ko bai ga motsi ba. Sau ɗaya duk kwana biyu, har saɓa ta gaba ta gyara hannun, in bai riga ya balaga ba.

19 ga Satumba

An raba su gida biyu don ganin aikin yunwa. Kashi ɗaya ana ba su kullum, ɗayan an bar su kwana huɗu da ruwa kaɗai, wanda ba ya cutar da mai wannan girma. An fitar da kowanne kan reshe a sarari, aka saki fara.

Mai ƙoshi kan juya kai ya bi farar da ido, shi ke nan. Sai ta zo gab da shi, wani lokacin ma ya ture ta. Mai yunwa kuwa tun daga nesa yake lura, ya bar wurinsa ya bi ta da sanɗa, kuma ya yarda ya tunkari wadda ta fi girman da ya saba. C. S. Holling, masanin muhalli ɗan Kanada, ya auna wannan a 1966 da wani nau'in ƙoƙi-ƙoƙi mai suna Hierodula crassa da ƙudan gida: yunwa na ƙaruwa, tazarar da yake fara kula abinci na ƙaruwa. Don haka cewa ƙoƙi-ƙoƙi ɗan kwanton ɓauna ne rabin magana ce. Yana kwanto in ciki da abu, yana sanɗa in babu.

Ga mai lambu lissafin ba shi da daɗi sosai. Guda ɗaya da ya ci fara babba ya gama aikin kwana biyu ko uku. Kuma ba za a iya tara su da yawa a kadada ɗaya ba, domin duk wanda ya fi wani girma abincinsa ne. Cikin fiye da tamanin da aka saka a Yuli, 'yan ƙalilan ake gani yanzu, kowanne a nasa yanki. Saura ƙadangare da tsuntsaye da kaji da 'yan uwansu sun raba.

27 ga Satumba

Gyare ya ciji wata a ciki tana tsakiyar saɓa, ta mutu. Gyare na cin nama, yana ɓuya a ƙasa da rana ya fito da dare, daidai lokacin da ake yawan saɓa. In za a ba da shi, a miƙa da matsefata a tsaya har a ga an kama. Kyankyason ɗakin girki kuma an hana shi baki ɗaya, saboda ba a san abin da ya taka ko ya ci ba. Alamar abinci mara kyau ita ce amai ruwan ƙasa ko baƙi mai wari a jikin kofi. A dakatar da ciyarwa kwana biyu, a ba da ruwa, a wanke kofin ba sabulu.

11 ga Oktoba

Sakamakon lambu. Ana zagayawa da safe da la'asar da kuma bayan magariba da tocila, ana rubuta abin da aka gani a hannun kowanne, da ragowar fiffiken da ke ƙarƙashin inda yake zama.

Inda suke zaɓar zama shi ya fara ba da amsa. Manyan sun fi son saman kuɓewa kusa da fure, da bakin furen kabewa da ke bin darni. Abin da ke zuwa wurin shi suke ci: ƙudaje iri-iri, fara, malam-buɗe-littafi, zanzaro, da ƙudan zuma. Ƙudan zuman ba sau ɗaya ba, kuma harbinsa ba ya hana komai, domin riƙon da ake masa ba ya ba shi damar juyo da bayansa. An ga gizo-gizo ma a hannu, wanda shi kansa mai cin ƙwarin gona ne.

Su kuwa masu ɓarnar da manomi ke kuka da su, yawancinsu ba sa shiga idonsa. Tsutsar masarar nan da ta shigo Najeriya a 2016 tana lafewa can cikin zuciyar masara, ƙarƙashin kashinta. Tsutsar wake tana cikin fure ko cikin kwanso. Darɓa ta yi wa babba ƙanƙanta, kuma ba ta motsi. Haka zai kasance da sharon a tumatirin rani, ƙwaron da ya sa Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016: tsutsarsa a cikin naman ganye take haƙa. Abin da ƙoƙi-ƙoƙi ke ragewa da gaske shi ne fara da ƙwarin da ke yawo a fili suna tsotsar kwanson wake, da uwayen tsutsotsin in sun tashi da dare suka gifta ta gabansa. Wannan amfani ne, amma ba wanda za a ajiye sauran dabaru saboda shi ba. Ra'ayin masu wannan aiki ya zuwa yanzu: a bar shi inda aka gan shi, kada a kashe, amma kada mai amya ya ɗauko shi ya kai kusa da amyarsa.

An gwada tsutsar malam-buɗe-littafin da ke cin ganyen tumfafiya, mai zanen baƙi da fari da rawaya. An kama ta, an fara ci, amma an yayyaga cikinta an zubar da hanjin da ke cike da ganye, aka cinye saura. An rubuta irin wannan a Amurka game da wani nau'in ƙoƙi-ƙoƙi mai suna Tenodera sinensis da wata tsutsa 'yar uwar wannan. Akwai kuma binciken May Berenbaum da Eugene Miliczky na 1984, inda ƙoƙi-ƙoƙin da ya ci ƙwaro mai dafin irin wannan tsiro ya yi amai, daga baya ya daina kai wa mai irin launin bara. Ke nan ido na iya koyon abin da zai bari, ko da yake ba shi ne ke fara ganewa ba.

24 ga Oktoba

Mazan sun balaga, sun fito da cikakken fiffike. Cinsu ya ragu ƙwarai. Ƙuda 2 ko 3 duk bayan kwana biyu ya ishe su, hankalinsu na kan tashi. Da dare idanunsu na rikiɗa su yi duhu, abin da ke ƙara musu ganin dare, kuma na daji na zuwa jikin fitila su yi ta ɗibar ƙwarin da haske ya tara. A can su ma abin farauta ne. David Yager da Ronald Hoy sun gano a 1986 cewa ƙoƙi-ƙoƙi na da kunne guda ɗaya tak, a tsakiyar ƙirji ta ƙasa, tsakanin ƙafafun baya, kuma ƙarar jemage yake ji, wadda kunnen mutum ba ya kamawa. Namiji mai tashi in ya ji ta sai ya karkace ya sulmiyo ƙasa. Kunnen ba shi da aiki a farauta.

An kawo wata babba daga bakin rafi, cikinta a kumbure amma ba ta cin komai, tana ta yawo ba natsuwa. Da aka tsoma ƙarshen cikinta a ruwa sai wata doguwar tsutsa siririya, baƙa-baƙa, ta fito, ta fi ta tsawo. Ta hanyar abinci take shiga: ƙwarin da suka girma a ruwa ne ke ɗauke da ita, ƙoƙi-ƙoƙi ya ci su, ta girma a cikinsa, in ta isa ta ja shi zuwa ruwa. Wani dalili ke nan na renon abincin na ɗaki maimakon kamowa a fadama.

6 ga Nuwamba

Matan sun balaga, tsawonsu tsakanin santimita 7 da 8. Cinsu ya ninka, domin ƙwai suke haɗawa: babbar fara ɗaya duk kwana biyu, ko manyan ƙudaje 6 zuwa 8. A wannan girma ne ake jin labarin kama tsaka ko ƙaramin ƙadangare, kuma ba ƙarya ba ne. A 2017 Martin Nyffeler da abokan aikinsa sun tattara rahotanni 147 na ƙoƙi-ƙoƙi ya kama tsuntsu, daga ƙasashe 13, mafi yawa ƙananan tsuntsayen Amurka masu shan ruwan fure. A 2018 kuma an ba da rahoton wani da aka gani a jihar Karnataka ta Indiya yana kamun ƙananan kifaye a wani ɗan tafkin ado. Ba za a gwada ko ɗaya a nan ba. Ba ya ƙara wa tambayar komai, kuma ba ya cikin abin da suke bukata.

22 ga Nuwamba

Barbara. Ana jira mace ta yi mako biyu zuwa uku da balaga, namiji aƙalla mako biyu. Kwana uku kafin haɗawa a ciyar da ita har ta ture abinci da kanta. A yi a wuri mai faɗi, ba cikin kofi ba. An yi amfani da gidan sauro da aka ɗaura aka sa reshen zogale a ciki. A miƙa mata fara, tana cikin ci a ajiye namijin a bayanta, tazarar santimita 15 zuwa 20. Shi ma ya san ƙa'idar idonta: yana matsowa ne in ta shagala ko iska ta kaɗa reshe, da ta waiwayo ya daskare, ya iya yin minti da yawa a haka. Sai ya yi tsalle ɗaya ya hau. Haɗuwar na ɗaukar awanni, kuma da ya sauka a cire shi.

A tatsuniya Ƙoƙi ce ke haƙuri da halin Gizo. A gidan sauron nan namiji ɗaya da ya tunkaro ta gaba bai sami wannan haƙurin ba: ta cafke shi kamar kowace fara, ta fara daga kai. Jikin ya ci gaba da barbarar, domin jijiyoyin da ke tafiyar da ita a ciki suke, ba a kai ba. Ba kowace haɗuwa ke ƙarewa haka ba, kuma yunwar macen ce ke ƙara yiwuwarsa. William Brown da Katherine Barry sun nuna a 2016 cewa macen Tenodera sinensis da ta cinye namiji ta fi yin ƙwai, kuma sinadaran jikinsa na ƙarewa a cikin ƙwan.

13 ga Disamba

Hunturu ya sauka, kuma ya canza lissafin ciyarwa. Da dare sanyi na saukowa ƙasa da digiri 15, da safe sai a same su a sandare, ƙuda na yawo a gabansu ba sa ko juya kai. Ba ciwo ba ne. An mayar da ciyarwa zuwa bayan azahar, lokacin da ɗakin ya ɗumama, an kuma rage yawa, domin narkewar abinci na jinkiri a sanyi. Bushewar iska ta sa suna shan ruwa fiye da da. Feshi safe da yamma a jikin mazubi, ba a kansu ba. Tukwanen ƙuda ma na bushewa da wuri, ana ƙara musu cokali ɗaya na ruwa duk kwana biyu ana rufe rabin bakin da leda.

Mazan sun fara gazawa, ƙafafunsu ba sa riƙe raga da kyau, ana ajiye musu tsinke a kwance ana ba su da matsefata. Mata uku sun yi jakar ƙwai a jikin murfi. Ana barin jaka kwana biyu ta bushe kafin a taɓa, sannan a ciyar da uwar nan da nan, domin cikinta na lafewa gaba ɗaya kuma za ta sake yin wata cikin 'yan makonni.

Za a raba jakunkunan: biyu su zauna a ɗaki da feshi sau biyu a mako, ɗaya a ɗaure a darnin lambun tumatir, tsayin mita ɗaya daga ƙasa, ta gefen da rana ba ta duka kai tsaye, a shafa man girki a gindin sandar saboda tururuwa. Abin da za a bibiya a zagaye na biyu shi ne ƙananan 'ya'yan a cikin tumatir, ko suna kama uwar sharon in ta tashi da magariba, tunda girmanta daidai hannunsu ne a saɓa ta biyu da ta uku. Tukunyar ƙudan ayaba ta gaba za a haɗa ta ranar 27 ga wata.